Sunana Ne a Saman Takardar

Yaya Alhaji Badaru mutum ne da idan ya shigo falo sai ya fara ƙyalla ido ya ga kujerar da ta fi girma kafin ya yi sallama. Wan mijina ne, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ya sa shekara ashirin da biyu nake rusuna masa a London, garin da ko likita sunansa ake kira gatsau. Shi ne shugaban ƙungiyar 'yan Arewa ta yankinmu. Shi ya kafa ta, shi ya zaɓi kansa, kuma duk shekara shi yake fara taya kansa murna. Yana da ofis a Marylebone wanda har yau ban san abin da ake yi a cikinsa ba, in ban da shan shayi da cika baki.

Ni sunana Hansai, aikina kula da tsofaffi gida-gida. Muna zaune a Carden Estate, kudu da kogi, benaye shida na council a jere kusa da gadar jirgin ƙasa. Gidajen Hausawa huɗu ne kacal a ciki. Sauran kusan duk mutanen Latin Amurka ne, 'yan Kolombiya da Ekwado da Bolibiya, waɗanda suke goge ofisoshin garin nan kafin masu ofis su tashi daga barci. A ƙarƙashin gadar suke da kasuwarsu, kuma a nan Nubia Ocampo take da rumfa tana soya wata wainar masara da suke kira arepa.

Nubia ita ce kansilarmu. Shekara goma sha bakwai ta yi tana jan tsumma a ofisoshin Charing Cross kafin ta tsaya takara ba tare da jam'iyya ba, ta ci. A duk council ɗin ita kaɗai ce mai jin Sifaniyanci. Duk ranar Laraba mata sukan yi layi a rumfarta da wasiƙun council da ba su gane ba, ta karanta musu, ta ɗaga waya a nan take da hannu mai maiƙo ta hau wanda ya aiko.

Lokacin da maigidana Nata'ala ya samu shanyewar ɓarin jiki, a hawa na tara muke, lift kuma ya mutu ya fi wata uku. Yaya Alhaji ya zo dubiya sau ɗaya, ɗauke da dabino. A hawa na uku numfashinsa ya ƙare, sai ya bugo waya ya ce ya yi wa ƙaninsa addu'a daga nan, in sauko in karɓi dabinon. Nubia kuwa ta hau tara ɗin nan da ƙafarta ban san sau nawa ba. Wata goma sha ɗaya tana faɗa da su har aka ba mu flat a ƙasa, a Block A. Tun daga nan take ce mini hermana, wato 'yar'uwa da yarensu.

To, sai aka gina wasu dogayen benayen gilashi a bakin kogi, aka ce mutane sun ƙaru a wancan ɓangaren, dole a sake zana iyakokin unguwannin zaɓe. Hukumar da ke wannan aiki ta ce kowa ya kawo shawara. Ni ko ta kai ban bi ba. Yaya Alhaji kuwa ya bi, don a benayen gilashin nan ne manyanmu na gida suka sayi flat-flat saboda karatun yara da zuwa ganin likita. Wata goma cikin goma sha biyu labulayensu a sauke suke, amma shi ya zauna ya ƙirga ƙofofi, ya ninka kowacce da huɗu, ya ga kujerar kansila ta ɗansa Hamdan tana yi masa murmushi.

Hamdan! Yaro ya karanta law, shekararsa ashirin da tara, in ka yi masa Hausa sai ya ce maka "Absolutely, Auntie." Sau ɗaya ya taɓa shigowa Carden, shi ma wayarsa ce ta ɓatar da shi.

Duk wannan lissafin ban san da shi ba ranar sunan jikar Yaya Alhaji. 'Yarsa Afrah ce ta haihu, aka yi booking ɗin wani babban hall a Stratford, maza gefe guda mata gefe guda. Tun safe nake kan masa da miyar taushe, don in dai aikin wahala ne ba a manta ni dangi ce. Ana cikin hidima aka ce Alhaji yana kirana a bakin ƙofar mata.

"Hansai."

"Na'am, Yaya." Na rusuna.

Ya miƙo mini wani allo da takardu a maƙale, an naɗe shafin farko ta baya. "Ki zaga da wannan wajen mata. Suna, adireshi, sa hannu. Fara da naki."

"To, Yaya. Ta mece ce?"

"Ta ci gaban al'umma ce."

Wanda bai tashi a gidanmu ba zai ce me ya hana ki juyo shafin ki karanta? A yadda aka raine mu, babba ba ya miƙo maka takarda ka tsaya kana karantawa a gaban idonsa. Daidai yake da ka ce masa maƙaryaci. Ni da ko takardar magani sai na bi ta layi-layi kafin in ba tsohuwar da nake kula da ita, na karɓi biro na rattaba hannu a layi na ɗaya, yana tsaye yana gyara hula.

Da na shiga ciki, Hajiya Zarah, ɗaya daga cikin matan benayen gilashi, ta kalli allon, ta kalli kwalayen da aka jibge a lungu cike da flask masu hoton jaririya, ta ce, "Ta rabon flask ce?"

Na ce, "Ina jin haka."

Shi ke nan, mata suka yo kaina. Hajiya Zarah ta rubuta sunanta da na 'ya'yanta uku da suke Kaduna. Wata ta sa hannu sau biyu da biro kala biyu. Matan da suke da digiri biyu-biyu, masu gidan gilashi a bakin kogi, suna ture juna a kan flask ɗin da ba ya riƙe zafi. Na mayar wa Yaya Alhaji suna ɗari da tamanin da shida, ya ce Allah ya yi mini albarka. Karo na farko ke nan da ya taɓa sa mini albarka, har daɗi na ji, kun ji wauta.

Bayan wata biyu Nubia ta ƙwanƙwasa mana ƙofa da yamma, ta kawo wa Nata'ala miyar kaza da dankali irin tasu da yake so. Ta zauna a kicin ta jawo bayan wata ambulan ta zana mini benaye shida.

Ta ce, "Duba, hermana. Mutanenmu sun fi dubu huɗu a nan, amma masu ƙuri'a dubu ɗaya da ɗari huɗu ne, waɗanda suka samu fasfo na nan ko na Sifaniya. Ku 'yan Nijeriya kuna sauka ana ba ku ƙuri'a, mu ba haka ba ne. In muna unguwa ɗaya, muna da kujera. To, wani ya kai shawara a raba Carden gida uku." Ta ja layi biyu a kan zanen. "In aka yi haka, ko'ina mu 'yan tsiraru ne. Ranar Asabar akwai taron jin ra'ayi a library. Ki zo ki faɗa musu Carden abu ɗaya ce. Ke ba Latina ba ce, za su fi jin taki."

Na ce, "Wane mara tsoron Allah ne ya kai wannan shawarar?" Har da tsaki na yi. Na yi mata alkawari zan zo.

Ranar Asabar da azahar na tarar da ɗakin ya cika da matan Carden, wasu da rigar aiki. A layin gaba kuwa ga Yaya Alhaji cikin babbar riga fara ƙal, kamar mai zuwa ɗaurin aure, ga Hamdan a gefensa da laptop. Sai na ce wa kaina ai shi kowane taro zuwa yake in dai akwai makirfo.

Wani Bature mai mura daga hukumar ya ce a cikin shawarwarin da suka samu akwai wadda mata mazauna yankin ɗari da tamanin da shida suka sa wa hannu. Ya haska ta a bango. Ga shafin nan da aka naɗe ta baya, ɓaro-ɓaro. Wai mu matan nan muna roƙo a haɗa Block A da Block B da benayen bakin kogi, saboda wurin ibadarmu ɗaya, hidimominmu ɗaya, kuma ba mu da wata alaƙa ta kirki da kasuwar ƙarƙashin gada. A ƙasa, layi na ɗaya, da rubutuna mai karkata: Hansai Nata'ala, Flat 2, Block A, Carden Estate.

Yaya Alhaji ya miƙe ya baza riga. Da Turancinsa na tsohon akawu ya ce wannan ba maganar masu kuɗin bakin kogi ba ce, ga jagorar masu sa hannun nan a zaune, shekara goma sha tara a Carden. Ya nuna ni da hannu biyu kamar mai gabatar da amarya.

Baturen ya share hanci ya ce, "Mrs Nata'ala, kina da abin da za ki ƙara?"

Nubia ta juyo. Ba fushi a fuskarta, jira kawai take in tashi in ce kuskure ne. Kuma kalmomin suna bakina, wallahi suna nan. In ce flask muka ɗauka, in ce rabin sunayen nan suna Kaduna da Abuja. Sai Yaya Alhaji ya sauke tabarau ya dube ni ta samansa, ya yi gyaran murya sau ɗaya. In na faɗa, na ƙaryata wan mijina a gaban Turawa da baƙi, gobe labari ya isa Kano kafin in isa gida.

Na ce, "Babu."

Ni Hansai, wadda direbobin bas na layinmu suka san muryarta, wadda ta taɓa sa manajan wani asibiti ya fito da kansa ya ba ta haƙuri, gyaran murya ɗaya ya mayar da ni kurma. Tir da ni. Na fita ta ƙofar baya tun kafin a tashi.

A gida na ba Nata'ala labari. Maganarsa ba ta fita sosai tun ciwon, amma wannan ta fita.

"Da kin faɗa."

"Yayanka ne fa, Malam."

"Na riga ki saninsa."

Kwana huɗu ina juyi kafin na zauna na rubuta wa hukumar email na faɗi gaskiya duka, har da flask. Cikin minti ɗaya amsa ta dawo, irin wadda na'ura take aikowa: an rufe karɓar ra'ayi tun ranar Litinin, suna godiya da sha'awata. Sai na kira Yaya Alhaji, na gaishe shi yadda aka saba, na ce takardar nan ba a gaya mana abin da ke cikinta ba.

Ya ce, "Kin tambaya, na ce ta ci gaban al'umma ce. Ƙarya na yi? Siyasa lissafi ce, Hansai, ki bar wa masu lissafi. Waɗannan mutanen in sun samu dama za su tuna da ke ne?"

Mutumin da ya tsaya a hawa na uku ne yake tambayata wa zai tuna da ni. Na ce, "To, Yaya," na kashe wayar, na yi tsakin da ya kamata in yi tun yana ji.

Ba zan ce takardarmu ce kaɗai ta ja layin ba, jam'iyyu ma sun kai nasu zanen. Amma da sabuwar taswira ta fito, an ambace ta a rahoton, wai shaida ce daga mazauna. Layi ɗaya ya bi ta tsakanin Block B da Block C, ta tsakiyar filin da muke shanya. Ɗayan ya yanke benaye biyu na ƙarshe tare da kasuwar ya liƙa su da wata unguwa ta masu kuɗi, masu lambu a bayan gidajensu. Maƙwabciyata ta Block C da nake ara wa tsani ta koma wata unguwar zaɓe daban, alhali a igiya ɗaya muke shanya. Nubia a Block B take, don haka ta faɗa unguwar bakin kogi da kashi ɗaya cikin uku na mutanenta.

Na je rumfarta in ba ta haƙuri. Ta saurare ni har ƙarshe tana juya arepa a kan tanda, sannan ta ce, "Na ji, Mrs Nata'ala." Ko miyar kazar ba ta daina aiko wa Nata'ala ba, sai dai ta koma ajiyewa a bakin ƙofa ta danna ƙararrawa ta wuce. Da lokacin kamfen ya zo na ɗauki takardunta na bi Block A da Block B ƙofa-ƙofa bayan na taso aiki. Ta yi mini godiya irin wadda ake yi wa wanda ya riƙe maka ƙofar jirgin ƙasa.

Hamdan shi ma ya fito, an buga hotonsa da hula zanna wadda da gani aro ce. Yaya Alhaji ya sa duk 'yan benayen gilashi sun yi rajista, yana yawo da jerin sunayensu a aljihu yana cewa ƙuri'a ɗari tara tana hannu. Wani ya ba shi shawara a nema musu ƙuri'ar gidan waya, ya ce a'a, ba a ba wa ɗan aike ƙuri'a, a hanya ake sace ta. Kowa zai fito da ƙafarsa ranar Alhamis.

Abin da babban mai lissafi bai lissafa ba shi ne Alhaji Muniru, uban gidansa a harkar kwangila, ya sa ɗaurin auren 'yarsa ranar Juma'ar da ke bin wannan Alhamis ɗin, a Abuja. Wa zai ƙi zuwa bikin gidan Alhaji Muniru saboda kujerar kansila? Tun ranar Litinin motoci suke kwasar akwatuna daga bakin kogi zuwa Heathrow. Hajiya Zarah ta tafi. Afrah ta tafi da jaririya. Uwar ɗan takara da kanta ta tafi ranar Talata, wai tela yana jiranta a gwada anko. Shi ma Yaya Alhaji da kyar ya jefa tasa da safe ya wuce filin jirgi, don kada a ɗaura ba shi a hoto.

Hamdan ya samu ƙuri'a casa'in da bakwai. Flask ya samu ɗari da tamanin da shida.

Da abin ya tsaya a nan, da na yi dariya har na ƙoshi. Nubia ta samu ɗari shida da goma sha ɗaya, ta faɗi da ratar ɗari da arba'in. Wani dogon ɗan jam'iyya mai gudun safe da kare ne ya ci. A sauran gutsattsarin biyu ma an tsayar da 'yan Latin, duk suka zo na huɗu ko na biyar. Da aka haɗa ƙuri'un ukun, sun fi abin da Nubia ta ci da shi a baya. Yanzu a duk council ɗin babu mai jin Sifaniyanci ko ɗaya.

Yaya Alhaji ya dawo daga biki da ƙiba da sababbin huluna. A taron ƙungiya ya ce alhamdulillahi mun gwada ƙarfinmu, yanzu an san da mu. Aka yi masa kabbara. Na duba fuskokin masu kabbarar, kusan duk ranar zaɓe suna Abuja suna liƙi. Na ɗauki jakata na fita ban rusuna ba, kuma ko wannan ɗin bai lura ba.

Larabar da ta biyo baya na sami saƙo a waya daga Nubia, wai in biyo ta rumfa in na taso aiki. Layin matan yana nan yadda yake, kowacce da ambulan ɗinta. Tana karanta musu har yanzu, amma ba ta ɗaga waya, don ba wanda zai ɗauka. Sai ta tambayi mace, "Wane block?" ta rubuta mata sunan kansilan da ya dace a cikin mutum uku. Wata tsohuwa 'yar Bolibiya ta karɓi nata tana jujjuya shi, ta tambaya da yarensu, Nubia ta girgiza kai. Ko ban ji yaren ba na gane tambayar: shi wannan zai gane abin da nake faɗa?

Da layi ya zo kaina, Nubia ta goge hannu ta ciro wasu takardu daga ƙarƙashin teburi. Na gyaran banɗakin Nata'ala ne, a cire bahon a sa wurin wanka da kujerarsa za ta shiga. Shekara guda muna nema. A satinta na ƙarshe a ofis ta tura shi har aka amince.

Ta ce, "Saura sa hannunki."

Idona ya cika. Na wawuri biron da ke kan teburin, na nemi layin. Sai ta ɗora tafinta a kan takardar.

"Ki karanta tukuna, Mrs Nata'ala."

Shafi bakwai ne. Na koma gefe kusa da tandar na tsaya, jirgi yana wucewa a samanmu, na fara daga layin farko. Ita kuwa ta miƙa hannu ta karɓi ambulan ɗin matar da ke bayana.